DAIDAI RUWA DAIDAI TSAKI: YADDA A KE ZAƁEN BUTAR KOREN SHAYIN JAPAN

Kwanakin baya wani daga cikin abokan aikinmu na kwalejin horon malamai ya komo daga Japan, inda ya je kos na 'yan watanni. A cikin tsarabar da ya kawo mana har da ƙunshi ɗaya na koren shayin ƙasar, mai nauyin giram 100. Ran nan da aka tashi tara muka miƙa wa mai dafa mana shayi, shi kuwa ya yi abin da ya saba. Ya ɗauko babbar butar ɗakin malamai, wadda ke cin lita 2, ya dumbuza ganye ya zuba, ya kwarara tafasasshen ruwa har wuya, ya ajiye bisa tebur. Wanda ya fara tsiyaya ya kurɓa ya ce da ɗan dama. Waɗanda suka makara a aji kuwa, da suka zo bayan minti 20, sai suka tarad da ruwa mai ɗaci kamar an jiƙa ɓawon maɗaci. Kafin a kaɗa ƙararrawa an riga an yanke hukunci, wai shayin Japan magani ne, ba abin sha ba.

Mai tsaraba bai ce uffan ba. Wanshekare sai ga shi da wata 'yar buta ta jan yumɓu, wadda ba ta fi girman lemun taɓa-ka-lashe biyu ba, da ƙananan finjalai uku. Ya auna ganye cokali uku daga ɗan abin da ya rage, ya bar ruwa ya huce, ya zuba, ya jira kamar minti ɗaya da rabi, ya tsiyaye sarai. Da muka kurɓa sai muka dubi juna. Ga ƙanshi irin na sabon ganye, ga garɗi, ba ɗaci sai ɗan kaɗan can a ƙarshen harshe. Ganye ɗaya ne da na jiya, ruwa ma daga famfo ɗaya. Abin da ya sake shi ne buta, da hannun da ya riƙe ta.

Tun da ya ke yanzu wannan shayi ya fara shigowa manyan kantunanmu, matafiya kuma su kan zo da shi tsaraba, ga shi kuwa ba arha gare shi ba, mun ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu abin da muka koya game da girman butar da a ke jiƙa shi, don kada wani ya yi hasara irin tamu.

WANE IRIN SHAYI NE

Itacen shayi iri ɗaya ne ko'ina cikin duniya. Bambancin baƙi da kore yana wajen sarrafawa ne. In za a yi baƙin shayi, irin wanda mu ke sha da madara, a kan bar ganyen ya yanƙwane, a murje shi, iska ta buge shi har ya yi duhu. In kore a ke so, sai a sa masa zafi da zarar an tsinko shi, don kada ya rine. Mutanen Sin galibi a kasko su ke gasa nasu. Mutanen Japan kuwa turarawa su ke yi, kamar yadda a ke turara dambu, sakan 30 zuwa 40, sa'an nan a murza shi a busar, ya fito siri-siri kamar allura.

Wani malamin addinin Budda mai suna Eisai ya komo Japan daga Sin da irin shayi a 1191, kuma a 1211 ya rubuta littafi a kan amfanin shansa. Amma shayin wancan zamani gari ne, a kwano a ke kaɗa shi, ba ya bukatar buta. Har yau haka a ke yin wanda su ke kira macca. Sai a 1738 wani manomi, Nagatani Soen, a Ujitawara kusa da birnin Kiyoto, ya daidaita hanyar turarawa da murzawa da busarwa wadda ta haifi senca, watau shayin da yawancin gidajen Japan su ke jiƙawa. A 1835 kuma aka sami giyokuro, wanda a ke danganta ƙirƙiro shi ga wani ɗan kasuwar shayi na birnin Edo, Yamamoto Kahei. Shi giyokuro a kan yi wa itatuwansa rumfa kamar kwana 20 kafin tsinka, don rana kada ta buge su, shi ya sa ya fi kowane garɗi, ya kuma fi tsada. Bayan waɗannan akwai banca, na manyan ganyen da a ke tsinka daga baya, da hojica, wanda a ke gasawa har ya yi ja. Jihohin Shizuwoka da Kagoshima su ne kan gaba wajen noman shayi. Shizuwoka ta daɗe tana riƙe da kambu, sai a 2024 Kagoshima ta wuce ta.

Abin da mai karatu zai riƙe a nan shi ne, ganyen da aka turara yana sakin abin da ke cikinsa da sauri ƙwarai. Ba a tafasa shi, ba a kuma barinsa ya zauna cikin ruwa. Daga nan maganar girman buta ta taso.

BUTAR DA A KE KIRA KIYUSU

Butar jiƙa shayi a Japan sunanta kiyusu. Wadda aka fi sani mariƙinta a gefe ya ke, ya miƙe kamar na ludayi, ta yadda mutum zai riƙe da hannu ɗaya, ya danne murfi da babban yatsa, ya juya wuyan hannu kawai ruwa ya zuba. A ciki, daidai gindin bakin tsiyaya, akwai rariya, ko ta yumɓun butar kanta ko ta siririyar waya, ita ke tare ganye.

Garin da ya fi suna wajen gina ta shi ne Tokoname, kudu da birnin Nagoya, wanda ke cikin tsofaffin garuruwa 6 na maginan tukwane a Japan. Yumɓunsu yana da ƙarfe a ciki, shi ya sa ya ke fitowa ja in an toya. A 1878 wani mutumin Sin, Jin Shiheng, ya koya wa maginan garin yadda a ke gina butar shayi a ƙasarsu, sana'ar ta daɗa kyau. Ta kai har a 1998 gwamnatin Japan ta sa sunan Yamada Jozan na Uku, maginin butoci na Tokoname, cikin gwanayen da ta ke ɗauka tamkar dukiyar ƙasa. Garin Yokkaici ma yana da nasa butocin, masu duhu-duhu, da a ke kira Banko.

Baƙon da ya shiga kantin waɗannan butoci, abin da zai fara ba shi mamaki ƙanƙantarsu. Yawancinsu tsakanin mililita 200 ne da 400. Don mai karatu ya gane, kwalbar lemo ta gilashi tana cin mililita 350, ledar ruwan sha kuwa 500. Watau leda ɗaya ta ruwa ta fi ƙarfin butar da magidanci ke jiƙa wa iyalinsa shayi. Wannan ba rowa ba ce, ba kuwa talauci ba. Lissafi ne.

BUTA BA RANDA BA CE

A wurinmu butar shayi wurin ajiya ce. A cika ta, a ɗora gefen murhu, kowa ya zo ya tsiyaya. A Japan kuwa ka'ida guda ce ta fi sauran duka: kowane jiƙo a tsiyaye shi ƙaƙaf, har ɗigon ƙarshe, kada a bar ko kurɓi ɗaya a ciki. Su kan ce ma ɗigon ƙarshen nan shi ya fi kowane daɗi, don haka za ka ga mai zubawa ya kifa buta yana jira har ya ɗiga.

Dalilin wannan ka'ida yana cikin ganyen. Akwai abubuwa iri uku da ke fita daga cikinsa. Na ɗaya shi ke ba da garɗi da ɗan zaƙi, masana na kiransa tiyanin, wani masanin Japan, Sakato Yajiro, shi ya gano shi cikin giyokuro a 1949. Wannan ko a ruwa mai ɗumi fita ya ke yi. Na biyu katekin, mai ba da bauri. Na uku kafin, mai ɗaci, wanda ke hana barci, shi ne kuma ke cikin goro. Waɗannan biyu na baya sun fi fita in ruwa ya yi zafi ƙwarai, ko in ganye ya daɗe a jiƙe. Gwanintar mai jiƙawa ita ce ya ɗebe garɗin kafin ɗaci ya rinjaye shi. In ya bar ruwa a buta, ganye zai ci gaba da jiƙuwa, wanda ya zo daga baya ya sha ɗaci. Ba wannan kaɗai ba, ganyen senca mai kyau sau uku a ke jiƙa shi. Ruwan da aka bari a ciki shi ke tsotse jiƙo na biyu da na uku tun ba a kai gare su ba.

To, tun da dole a tsiyaye kome a lokaci ɗaya, ashe ruwan da za a zuba ba zai wuce abin da finjalan da ke gabanka za su ɗauka ba. Ashe kuma girman buta ba daga buta a ke fara auna shi ba, daga finjali ne.

ILLAR BABBAR BUTA

Wani zai ce, to, sai in sayi babba in riƙa zuba ruwa kaɗan, ai babbar riga ba ta hana tafiya. Mun gwada wannan, ga abin da muka gani.

Na farko, zafi. Jikin buta yana shan zafin ruwa. Mutanen Japan sun ƙiyasta duk sa'ad da aka juye ruwa daga wannan mazubi zuwa wancan, zafinsa kan ragu da digiri 5 zuwa 10. In buta babba ce, ruwa kuwa kaɗan, raguwar ta kan wuce haka, sai ruwan da ka auna daidai ya huce kafin ganye ya buɗe, shayi ya fito salam.

Na biyu, ganye. Ruwa kaɗan a gindin buta mai faɗi ba ya rufe ganye sosai. Wani ya manne a bango ya bushe a can, wani ya jiƙa. In kuwa irin butar nan ce mai ɗan kwandon waya da ke rataye daga baki, abin ya fi muni, don sau da yawa ruwan ba ya ko taɓa gindin kwandon sai an cika buta ta wuce rabi.

Na uku, shi ne babba, halin ɗan Adam. Wanda ya ga buta da sauran wuri, hannunsa ba ya tsayawa. Zai ƙara ruwa. In ya ƙara ruwa bai ƙara ganye ba, ya sha ruwan zafi mai launi. In ya ƙara ganye daidai da ruwa, aljihunsa ya ji. Ga lissafin abin da ya same mu. Senca mai kyau giram 6 a ke sa wa ruwa mililita 170. In za a cika butarmu ta lita 2 bisa wannan ma'auni, sai an zuba wajen giram 70, watau ƙunshin giram 100 ba zai kai zama biyu ba. Alhali kuwa a ƙaramar buta ƙunshin nan zai yi zama 16 na mutum uku uku, kowane zama kuma jiƙo uku.

ILLAR ƘARAMAR BUTA

Kada kuma a ce tun da haka ne sai a nemi mafi ƙanƙanta. Busasshen ganye in ya sha ruwa kumbura ya ke yi, ya kan shanye ruwa kamar ninki huɗu na nauyinsa. In wuri ya matse, ganye ba ya warwarewa, ya kan cushe ya toshe rariya, tsiyaya ta yi jinkiri, jinkirin nan kuwa ƙarin jiƙo ne. In an cika buta har baki, da an karkata ta sai ruwa ya biyo ta ƙarƙashin murfi ya ƙona yatsa. Sa'an nan in baƙi huɗu ne, buta kuwa ta mutum biyu ce, biyu za su sha jiƙon farko, biyu su sha na biyu, ka ga an fifita wani baƙo a kan wani a tabarma ɗaya. Mutanen Japan suna gudun wannan ƙwarai. Shi ya sa ba su cika finjali ɗaya su wuce na gaba. Su kan ɗiga kaɗan a na ɗaya, na biyu, na uku, su komo na uku, na biyu, na ɗaya, haka har buta ta ƙare, don kowa ya sami yawa ɗaya da ƙarfi ɗaya.

YADDA A KE LISSAFI

Ga hanyar da mu ke ba da shawara a bi, mai sauƙi ce, ko ɗan aji huɗu ya yi ta.

Da farko ka ƙidaya mutanen da ka saba shan shayi da su kullum. Kada ka ƙidaya taron suna ko na biki. Buta ta kullum a ke saya, ba ta ranar taro ba.

Na biyu ka auna finjalinka. Ka zuba ruwa iyakar inda ka ke zuba shayi, ba har baki ba, ka juye a ma'auni ka gani. Finjalin senca mai kyau a Japan ya kan ɗauki wajen mililita 60, na shan yau da kullum kuwa 90 zuwa sama. Kofin nan mai mariƙi da mu ke shan shayi da madara ya kan ci 250 ko fiye, wanda da shi zai sha, sai ya ƙidaya kansa mutum uku.

Na uku ka riɓa yawan mutane da cin finjali, ka ƙara ɗan abin da ganye zai shanye.

Na huɗu ka tuna adadin da masu sayarwa ke rubutawa galibi na buta ce cike har baki. Kai kuwa kashi 7 ko 8 cikin 10 za ka cika. Sabo da haka ka ƙara rubu'in abin da ka samu a kai. Misali, mutum uku, finjali mai cin 60, ya zama 180. Ganye giram 6 zai shanye wajen 24, ya zama kusan 200. Ƙara rubu'i, 250. To, butar mililita 250 ita ce taka. Wani lokaci za ka ga an rubuta girman buta da ma'aunin gargajiya na Japan da a ke kira go. Go ɗaya mililita 180 ne, go biyu 360.

Bisa wannan lissafi, mutum ɗaya mai ƙaramin finjali butar 100 zuwa 150 ta ishe shi. Mutum biyu ko uku, 200 zuwa 300. Mutum huɗu ko biyar, 400 zuwa 550. Wanda zai sayi buta ɗaya tak, bai san ko yau shi kaɗai zai sha ko da abokai biyu ba, a ganinmu ya tsaya tsakanin 250 da 300. Ba ta yi wa mutum ɗaya girman da zai ɓata shayi ba, ba ta kuwa gaza wa mutum uku ba.

KOWANE GANYE DA BUTARSA

Yawan mutane rabin magana ne. Sauran rabin irin ganyen da za a jiƙa. Ga ma'aunin da masana shayi na Japan suka daɗe suna koyarwa.

Giyokuro mai kyau, na mutum uku: ganye giram 10, ruwa mililita 60 kacal, zafi digiri 50, a jira minti biyu da rabi. Mai karatu ya lura, mililita 60 ɗin nan na mutum uku ne gaba ɗaya, kowa ba zai sami abin da ya wuce cokalin cin abinci ɗaya da ɗan ɗori ba. Ba don ƙishirwa a ke shansa ba, a harshe a ke mirgina shi kamar romo. Butarsa ba ta wuce mililita 100 ba, sau da yawa ma ba ta da mariƙi, tun da ruwan bai kai ya ƙona hannu ba. Irin wannan sunanta hohin. Akwai kuma wata mai faɗi kamar ɗan faranti da murfi, shiboridashi. Wanda ya zuba ruwa mililita 60 a butar 400, kafin minti biyu ya zama ruwan sanyi.

Senca mai kyau, na mutum uku: giram 6, ruwa 170, digiri 70, minti ɗaya zuwa biyu. Butar 220 zuwa 250.

Senca na yau da kullum, na mutum biyar: giram 10, ruwa 430, digiri 90, minti ɗaya. Butar 500 zuwa 550.

Banca da hojica, na mutum biyar: giram 15, ruwa 650, tafasasshe, sakan 30. A nan ne kaɗai babbar buta ta ke da gurbi. Ganyen manya ne, ba su da nauyi, suna cin wuri, kuma da yawa a ke shansu bayan abinci. Butarsu, dobin, ta kan ci mililita 800 ko fiye, mariƙinta a sama ya ke kamar na bokiti, don mariƙin gefe ba ya jin daɗin riƙo in buta ta yi nauyi.

Akwai kuma wani senca da a ke kira fukamushi, wanda a ke turarawa ninki biyu ko uku na yadda aka saba. Ganyensa a farfashe ya ke, da gari-gari, yana sakin launi nan da nan, sakan 30 zuwa 45 sun isa. Wannan yana son buta mai ɗan faɗin ciki da rariya mai ƙananan ƙofofi da faɗi, irin wadda ta kewaye cikin buta kamar ɗamara. In rariya ƙarama ce, garin ya toshe ta.

Wanda ba shi da ma'aunin zafi kada ya damu. Ya tafasa ruwa sosai, ya zuba a finjalan da za a sha da su, ya jira kaɗan, sa'an nan ya juye a buta bisa ganye. Da wannan dabara ya jefi tsuntsu uku da dutse ɗaya: ruwa ya huce, finjalai sun yi ɗumi, kuma ya auna ruwa daidai da abin da za a sha, ba ragi ba ƙari. Cokalin shayi ɗaya na senca kuwa wajen giram 2 ne, watau rabon mutum ɗaya.

IN BAƘI SUN YI YAWA

Mun san za a tambaye mu, to, ranar da zaure ya cika fa? Amsa ita ce ba a neman ƙatuwar buta. Ko dai a yi amfani da buta biyu, ko a nemi wani mazubi mai ɗumi, a tsiyaye jiƙo na ɗaya da na biyu a ciki su gauraya, sa'an nan a raba. Jiƙo na biyu ba ya ɗaukar lokaci, tun da ganye ya riga ya buɗe, ruwa mai ɗan fin na farko zafi da sakan 10 zuwa 20 sun wadatar. Tsakanin jiƙo da jiƙo a ɗan zame murfi, don tururi kada ya dafa ganyen. In kuwa taro ne sosai, a ajiye senca mai tsada, a ɗauko hojica da babbar buta. Haka gidajen abinci da yawa a Japan su ke yi.

ABIN DUBAWA WAJEN SAYE

In mutum ya daidaita girman, saura abu kaɗan. Ya duba murfi ya zauna daram, ba ya rawa. In an yarda masa ya gwada, ya zuba ruwa ya toshe 'yar ƙofar da ke bisa murfi da yatsa, ya karkata. In ruwa ya tsaya, murfin na ƙwarai ne. Ya duba baki yana yanke ruwa, ba ya dalala. Ya duba bakin buta na sama yana da faɗin da zai kwashe ganye ba wahala. Bahago ya nemi tasa, akwai masu mariƙi ta ɗaya gefen.

Butar yumɓu wadda ba a yi wa shafe ba tana riƙe ƙanshi, sabo da haka ba a wanke ta da sabulu mai ƙanshi, ba a kuma jiƙa gasasshen shayi yau, gobe giyokuro a cikinta. Wanda ke son buta ɗaya ta yi masa kome, ya sayi ta tangaran ko ta gilashi. A kuma yi hankali da butar baƙin ƙarfe. Ta asali, tetsubin, wadda garin Moriyoka ya yi suna da ita, ta tafasa ruwa ce, ba ta jiƙa ganye ba. Mai kama da ita wadda aka shafe cikinta kuwa ta jiƙawa ce, ba a ɗora ta a wuta. Wanda bai sami kiyusu ba, ƙaramar buta kowace iri da rariyar shayi sun fi babbar buta mai tsada.

BA BAƘON ILMI BA NE

In mun duba da kyau, wannan hikima ba ta yi mana nisa ba. Kowa ya zauna da Buzaye, ko a Agadas ko a bakin wata ƙofa a Kano, ya ga 'yar butarsu ta ƙarfe bisa gawayi da ƙananan gilasai. Su ma koren shayi su ke sha, su ma sau uku su ke zagayawa da ganye ɗaya, su ma ba su cika tulu su ajiye. Bambancin shi ne nasu ganyen na Sin ne, gasasshe, a nannaɗe, yana jure tafasa, kuma sukari na danne ɗacinsa. Na Japan turararre ne, ba ya son wuta, ba a sa masa sukari ko madara, don haka in an yi kuskure ba abin da zai rufa masa asiri. Butar Buzaye ma, in an sauke ta daga gawayi aka zuba mata ruwan da ya huce, girmanta ya yi daidai da senca na mutum biyu ko uku.

Mu dai a ɗakin malamai mun gyara. Babbar buta tana nan tana aikinta na baƙin shayi da madara, ba wanda ya raina ta. Kusa da ita akwai ƙarama mai cin mililita 270, ita a ke ɗaukowa in za a jiƙa kore. Ragowar ganyen da muka ce magani ne sai da ya kai mu mako guda, waɗanda suka fi kowa kushe shi kuwa su suka riƙa riga kowa zuwa.

Sabo da haka shawararmu ga wanda ya sami wannan shayi, ko da kuɗinsa ko tsaraba, kada ya fara da tambayar wace buta ce ta fi kyau. Ya fara ƙidaya masu sha, ya auna finjali, ya duba irin ganyen da ke hannunsa, sa'an nan ya tafi kanti. Hausawa sun riga sun gama magana, daidai ruwa daidai tsaki.